Saƙa suwaita da hannu: tambayoyi da amsoshi kan abinda ke sa riga ta zauna daidai a jiki

Waɗannan sune tambayoyin da suka fi yawan dawowa daga masu saƙa da tsinke biyu, musamman waɗanda suka gama da hula da safar jarirai suka ce toh yanzu kuma sai suwaita. Da mace nake magana saboda mata sun fi yawa a masu tambaya, amma maza masu saƙa ma nasu ne. In nace ido ina nufin kowane madauki ɗaya da ke kan tsinke, layi kuma shine in kin saƙe su duka daga wannan gefe zuwa wancan.

Na bi tsarin saƙar tiryan-tiryan ban tsallake komai ba, amma rigar ta fito kamar buhu. Ina matsalar take?

Kusan kullum matsalar geji ce. Geji shine yawan ido da layin da hannunki ke fitarwa a cikin santimita 10 da wannan zaren da wannan tsinken. Wadda ta rubuta tsarin da hannunta ta saƙa tata, ke kuma naki hannun daban ne, wata tana jan zare da ƙarfi wata tana sakinsa, kuma babu mai laifi a ciki, sai dai lissafin rigar gaba ɗaya akan hannunta aka gina shi ba naki ba.

Bari muyi lissafin ki gani. A ce tsarin yace ido 20 a santimita 10, zagayen ƙirjin rigar kuma santimita 100 ne, kinga ido 200 zaki ɗora kenan. In hannunki sakakke ne kina samun ido 18, waɗannan ido 200 ɗin zasu baki santimita 111. In kuma mai matsewa ce ke kina samun 22, zaki tashi da santimita 91. Ido biyu kacal sama ko ƙasa fa, wanda da kallo kawai bazaki ma lura ba, amma a jikin riga ya zama kusan santimita 10, saiz guda kenan cur. Ko rabin ido ma yana da tasiri, 19 da rabi maimakon 20 zai ƙara miki wajen santimita 2 da rabi.

Maganin ba wai ki tilasta wa hannunki ya canja bane, bazai canja ba, bayan layi goma zai koma halinsa. Tsinke zaki canja. Ido ya miki yawa, ɗauki tsinke mai kauri. Ido ya yi kaɗan, ɗauki siriri. Lambar tsinken da aka rubuta a tsarin shawara ce kawai, gejin shine doka.

Toh yaya ake yin ɗan gwajin, wato ɗan ƙyallen da ake saƙawa kafin riga don a auna geji, yadda zai faɗi gaskiya?

Ki saƙa shi da girma, aƙalla santimita 15 kowane gefe, saboda idanun bakin-baki kullum a karkace suke kuma ba'a ƙirga su, tsakiya ake aunawa. Ki yi shi da ainihin tsinken da zakiyi rigar dashi, don tsinken ƙarfe zare yana zamewa a kai, na gora ko katako kuma yana riƙewa, kuma mutum ɗaya yana iya samun geji biyu daban da su ko da kaurinsu ɗaya ne.

Sai abinda mutane suka fi tsallakewa: ki wanke shi. Ki auna kafin wanki ki rubuta, ki wanke shi yadda zaki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe sarai ba tare da kin ja shi ba, sannan ki sake aunawa. Awon bayan wanki shine na gaskiya, don ai rigar ba sau ɗaya za'a sa a jefar ba. Na kafin wanki kuma amfaninsa shine ki riƙa duba kanki dashi kina cikin aiki.

In rigar a zagaye zaki saƙa ta da tsinke mai igiya, to gwajin ma a zagaye za'a yi shi. Dalili kuwa, saƙar gaba da saƙar baya sune hanyoyi biyu na saƙa ido, a zagaye saƙar gaba kawai kike yi, a shimfiɗe kuma layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, kuma mutane da yawa saƙar bayansu ta fi ta gaba saki. Na san yana da ban haushi mutum ya ɓata yini akan ɗan ƙyallen da ba sawa zaiyi ba alhalin zaren yana kallonsa, amma a auna yini ɗaya da wata biyu.

Lambar tsinken da aka rubuta ta rikita ni, wani wuri 8 wani wuri 5.

Ki bi milimita kawai. Lamba 8 ta Amurka milimita 5 ce, lamba 8 a tsohon lissafin Ingila kuma milimita 4 ce, don su nasu lambar tana ƙaruwa tsinken yana ƙara sirancewa. Milimita ce kaɗai bata canjawa.

Ido ya dace amma layi bai dace ba, in damu?

Ya danganta da irin rigar. Inda tsarin yace ki saƙa har sai ya kai santimita kaza, babu damuwa, tef zaki bi. Amma inda aka ƙirga ƙari ko ragi da layi, kamar kafaɗar ragilan, wadda haɗin hannu da jiki ke gangarowa a karkace daga wuya zuwa hammata, ko sirancewar hannun riga, nan fa akwai magana. Misali tsarin yana da layi 28 a santimita 10, daga wuya zuwa hammata kuma layi 56 ne, santimita 20 kenan. In naki layi 24 ne, zaki samu fiye da santimita 23, hammatar ta sauko ƙasa, kina ɗaga hannu rigar duka tana biyo ki sama. Abinda ake yi shine a riƙe gejin ido, sannan a sake raba ƙarin akan yawan layin da zai bada tsayin da ake so.

Wane saiz zan ɗauka? Awon ƙirjina ya faɗo tsakanin biyu.

Da farko ki tabbatar wace lamba kike kallo, don akwai awon jiki akwai kuma awon rigar bayan an gama, kuma ba ɗaya bane. Bambancin da ke tsakaninsu shine sararin da riga ke bari. Riga mai kama jiki sararinta daga sifili zuwa santimita 5 ne, wani lokacin ma a yi ta ƙasa da awon jiki tunda saƙa tana miƙewa. Mai zama daidai wadda aka saba santimita 5 zuwa 10. Sakakkiya 10 zuwa 15, abinda ya haura haka kuma burmemiya ce da gangan. Zare mai kauri yana buƙatar sarari fiye da siriri, saboda kaurin saƙar kansa yana cin wuri daga ciki.

Hanyar da nafi yarda da ita ma ba auna jiki bace. Ki ɗauko rigar sanyin da kike da ita wadda kike jin daɗinta, ko ta kanti ce, ki shimfiɗa ta ki auna faɗin ƙirji, tsayi daga hammata zuwa ƙasa, zurfin hammata, faɗin hannu a dantse da tsayinsa. Ki kwatanta da zanen awon da ke jikin tsarin. Mutane da yawa basu san irin sararin da suke so ba sai sun auna abinda suke sawa kullum, sai kiga wadda take rantsuwa ita mai son riga ta kama ta ce ashe duk rigunanta sun fi ta da santimita 12.

Ga masu cikar ƙirji kuma akwai wani abu. In kika zaɓi saiz da wurin da ya fi cika, kafaɗa da wuya da hammata duk zasu miki yawa, tunda tsarin yana ɗauka in ƙirji ya ƙaru komai ma ya ƙaru. Ki zagaya tef ta ƙarƙashin hammata ta saman ƙirji, ki zaɓi saiz da wannan awon, sannan ki ƙara wuri a gaban rigar kawai, ko da ƙarin ido ko da gajerun layuka, wato layukan da ake juyawa kafin a kai ƙarshensu.

Me yasa kike ta nanata kafaɗa?

Saboda a kafaɗa riga take rataye. Jiki in ya ɗan yi faɗi za'a ce salo ne, in ya ɗan yi tsayi babu mai cewa komai, amma kafaɗa in ta zube ko ta matse kowa zai gani daga nesa, kuma ita ce ta fi wuyar gyara bayan an gama. In zaki sadaukar da wani wuri, kar ya zama nan.

Daga sama zan fara ko daga ƙasa? Kuma wane irin hannu ya fi wa mai koyo?

Ga riga ta farko ni dai ragilan daga sama nake cewa. Zaki fara daga wuya a zagaye, akwai layuka huɗu da suke gangarowa daga wuya zuwa hammata, kina ƙara ido biyu a kowanne, takwas kenan, zagaye ɗaya ƙari zagaye ɗaya hutu, har ki kai hammata sai ki ware idanun hannu akan wani zare ki cigaba da jiki. Daɗinsa shine kina iya gwadawa a jiki a kowane mataki, ki zuba idanun akan dogon zare ki sa rigar ki tsaya gaban madubi, gani ya kori ji. Kuma in zare ya fara ƙarewa a ƙasa zai ƙare ba a kafaɗa ba.

Amma kar a ɗauka bashi da aibu. A ragilan jiki da hannu tare suke girma, wanda ke nufin mai faɗin jiki da siririn dantse ko akasin haka sai ta gyara lissafi, ta cigaba da ƙara wa ɗaya ta tsayar da ɗayan. Sannan gwajin da kike yi a jiki na saƙar da ba'a wanke ba ne, in zaren mai miƙewa ne madubin ma zai ruɗe ki.

Zagayayyar kafaɗa irin ta rigunan Ayislan, wadda ado ke zagaye wuya, tana da kyau kuma bata da wahala, sai dai in tayi zurfi tana ɗaure hannu. Kafaɗa mai zubowa ita ce mafi sauƙin lissafi, murabba'i biyu da hannu biyu, amma tana tara saƙa a hammata, sai da zare mai laushi take kyau. Hannun da ake saƙawa daban a ɗinka a ramin hammata irin na kwat shi ya fi kowanne zama a jiki, shi ya fi kuma neman haƙuri.

Wuyan rigar baya shiga kaina.

Rufewar, wato layin ƙarshe da ake sauke idanu daga tsinke dashi, ita ce tayi tsauri. Zagayen kan babban mutum wajen santimita 55 zuwa 58 ne, wuyan riga kuma bai kai haka ba, miƙewa yake yi ya wuce, to in layin ƙarshe baya miƙewa shikenan. Ki warware layin rufewar kawai ki sake da tsinken da ya fi kauri da milimita ɗaya ko fiye, ko ki koyi rufewa da allura, ta fi kowacce saki. A rigar yara a ƙara kula, kansu babba ne akan jikinsu, shi yasa ake musu maɓalli a kafaɗa.

Gaban wuyan yana shaƙe ni, bayan kuma yana zamewa ƙasa, kullum sai na riƙa jawo ta.

Wuyan mutum ba a tsakiyar kafaɗa yake ba, ya ɗan karkato gaba, don haka dole bayan riga ya fi gabanta tudu da santimita 2 zuwa 4 haka. Rigar da aka saƙa a zagaye gaba da baya iri ɗaya ita ke yin wannan halin. Gajerun layuka ne maganin, wato ki saƙa bayan wuyan ki tsaya kafin ki zagayo ki juya ki koma, kowane juyi kina ɗan ƙara nisa, sai bayan ya samu ƙarin layuka gaban bai samu ba. In tsarin bai sa ba ki sa da kanki, layi shida ko takwas ma suna canja zaman riga sosai. Haka dai ake yi a ƙirji in gaban riga yana ɗagewa ya fi baya gajarta.

Ban samu zaren da aka ce ba, zan iya canjawa da wani?

Zaki iya, amma abu biyu zaki duba, kauri da kuma abinda aka yi zaren dashi. Kauri yana da sauƙi, takardar jikin zare tana nuna geji, wasu kuma suna sa lamba daga 0 zuwa 7. Lamba 3 tana bada ido 21 zuwa 24, lamba 4 ido 16 zuwa 20, lamba 5 kuma 12 zuwa 15. Ki kuma kwatanta mita nawa ne a giram 50 ko 100, in sun yi kusa to kaurinsu ya yi kusa.

Na biyun ne mutane ke mantawa. Ulun tumaki yana da lanƙwasa a jikin gashinsa, yana miƙewa ya dawo, shi yasa robar hannu da ta ƙugu, wato bakin nan mai miƙewa, take kamawa. Merino, ulun wani irin tumaki, ya fi laushi amma ya fi saurin yin ƙananan dunƙule-dunƙule a hammata da gefe. Auduga bata dawowa, ga nauyi, riga tana ƙara tsayi a jiki tun daga safe zuwa yamma, kuma tana gajiyar da hannu wajen saƙa. Alfaka, gashin wata dabba ta Kudancin Amurka, akwai ɗumi da laushi amma zubowa yake yi, in tsarin na riga mai tsayuwa ne kika sa shi zaki samu wata riga daban. Akirilik, zaren roba na masana'anta, yana da juriyar wanki kuma baya ƙanƙancewa, amma baya gyaruwa da ruwa kamar ulu, yadda ya fito daga tsinke kusan haka zai zauna, kuma dutsen guga in ya taɓa shi ya mutu kenan, zai saki ya yi sheƙi bazai dawo ba.

Kafin ki yanke shawara yana da kyau ki duba hotunan waɗanda suka saƙa wannan tsarin da wasu zaren, a Ravelry, wani shafin intanet na masu saƙa, ana samun su da yawa, ki nemi mai irin jikinki ba wadda aka ɗauka a hoton talla ba.

Zare nawa zan saya?

Da mita ake lissafi ba da yawan curi ba. Suwaitar babba mai dogon hannu da zare lamba 4 tana cin wajen mita 900 zuwa 1400 gwargwadon saiz, siririn zare ya fi haka, saƙa mai murɗe-murɗe ma haka. Ki ƙara curi ɗaya akan lissafi. Kuma ki duba lambar rini a takardar, duk su zama lamba ɗaya, saboda kala ɗaya da aka rina a tukunya daban tana iya bambanta kaɗan, a hannu bazaki gani ba sai a rana ki ga layi ya raba rigar biyu. In dole ta sa kin haɗa biyu, ki riƙa musanya su layi biyu wannan layi biyu wancan na ɗan tsayi, sai bambancin ya narke.

In kina tsoron ƙarewa sikeli ne abokinki, ki riƙa auna nauyin zaren da ya rage. Hannu biyu suna cin kusan kashi ɗaya cikin uku na zaren, don haka a riga daga sama wasu suna fara gama hannuwan sannan su ƙarar da sauran a jiki.

Ta min daidai, ina wankewa ta zama har gwiwa.

Ki duba takardar zaren, in an rubuta superwash to shine. Ulu ne da aka sarrafa aka kashe ƙananan ɓawon da ke jikin gashin don kar ya cuɗe a injin wanki, to wannan ɓawon kuma shi ke sa zare ya riƙe ɗan'uwansa, da babu shi sai saƙa ta zame ta miƙe in ta jiƙe. Kar ki firgita tun tana jiƙe. Ki shimfiɗa ta akan tawul ki tattaro ta da hannu zuwa awon da kike so ki bar ta ta bushe, yawanci tana dawowa sosai. In takardar ta yarda da injin busarwa, ɗan lokaci kaɗan a ciki yana taimakawa. Gaba kuma irin wannan zaren a saƙa shi a ɗan matse, kuma a rataye ɗan gwajin da ɗan nauyi a ƙasansa kwana ɗaya a ga iya inda zai kai.

Akwai ramuka a hammata, kuma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsayi.

Ramukan kowa yana samu. Wajen ɗaukar idanun hammata ki ɗauki ƙarin ido ɗaya ko biyu a kowane lungu ki rage su a zagaye na gaba, sannan ki bar jelar zare mai tsayi ki toshe abinda ya rage da allura ta ciki. Tsayin hannu kuma ki daina aunawa da tef, saƙa tana miƙewa gwargwadon yadda kika ja ta, ki ƙirga layi ki rubuta, ki sa alama a kowane ragi. Wani lokacin ma layin ɗaya ne gejin ne ya canja, don mutane da yawa suna matsewa a ƙaramin zagaye, in haka ne ki ƙara kaurin tsinke kaɗan a hannu.

Ƙasan rigar yana naɗewa sama.

Halin saƙa mai santsi ne, wadda fuskarta duk gaba ce. Guga bazata hana ba. Sai an yi mata baki da saƙar roba, gaba ɗaya baya ɗaya ko biyu-biyu, aƙalla santimita 4 zuwa 5, da tsinken da ya ɗan fi na jiki siranta.

Ina so in yi mai murɗe-murɗe ko mai kala-kala, lissafin ɗaya ne?

A'a. Murɗaɗɗiyar saƙa irin ta tsibiran Aran na ƙasar Ayalan tana tsuke faɗi sosai saboda idanu suna hawa kan juna, ido 200 da suka baki santimita 100 a saƙa mai santsi bazasu kai haka ba ko kusa. Mai kala biyu a layi ɗaya irin ta Fair Isle a Sikotilan kuma zaren da ba'a saƙawa yana bi ta baya, in kika ja shi rigar zata tattare kuma bata miƙewa. Ki riƙa baza idanun akan tsinken dama kafin ki ɗauko ɗaya kalar, da yawa kuma suna ƙara kaurin tsinke a wurin adon. Kowanne dai gwajinsa daban za'a yi da ainihin adon.

Na hango kuskure layi ashirin a ƙasa, in warware?

In ido ɗaya ne ya juye ba sai kin warware ba, ki saki wannan idon kaɗai ya gangara har wurin, ki gyara, ki hau dashi da kwarashi. In kuskuren na awo ne, faɗi ko zurfin hammata, ki warware yanzu, don ba gyaruwa zaiyi da kansa ba kuma kowane layi da kika ƙara ƙarin abin warwarewa ne. Ga wanda ba na awo ba kuma ki ajiye rigar ki ja baya taku uku, in baki gani ba babu mai gani.

Kafin wuri mai wahala ki zura siririn zare mai santsi na wata kala ta cikin duk idanun layi ɗaya ki bar shi a nan. In abu ya ɓaci zaki warware har kansa ya tsaya, idanun suna jere suna jiranki. Zaren da aka warware in ya daɗe a saƙe yana yin lanƙwashe-lanƙwashe, ki naɗe shi a sake ki jiƙa ki shanya ya miƙe kafin ki sake amfani dashi, in ba haka ba gejin zai bambanta.

Na riga na gama, ta yi gajarta. Akwai dabara?

In daga sama kika saƙa, ki kwance rufewar ki warware robar ki ƙara tsayi, aikin yamma ɗaya ne. In daga ƙasa ne, saƙar roba bata warwaruwa ta wajen farawa, sai dai ki zura tsinke a layi ɗaya saman robar, ki yanke ido ɗaya a layin da ke ƙasansa ki zare zaren a hankali har ƙasan ya rabu, sannan ki saƙa zuwa ƙasa. Yanka saƙa akwai faɗuwar gaba amma yana aiki, a saƙa mai santsi ma ba'a gane wurin. Faɗi ne mai wuya. In ta yi yawa kaɗan ana iya ɗinke gefe, in ta matse kaɗan ulu yana bada santimita biyu ko uku in aka ja shi yana jiƙe, abinda ya wuce haka gaskiya sai warwara ko a ba wanda zata yi wa.

Zan iya yi ba tare da tsari ba?

Sosai ma, in kina da geji da awo. Elizabeth Zimmermann, wata shahararriyar mai saƙa haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, ta fitar da lissafin da komai ke fitowa daga yawan idon jiki. In jiki ido 200 ne, wuyan hannu kashi 20 cikin ɗari, ido 40, dantse wajen kashi 33, ido 66, hammata kashi 8, ido 16, wuya kuma kashi 40, ido 80. Mafari ne mai kyau, amma ki auna dantsenki, don ido 66 a gejin 20 santimita 33 ne kawai kuma mutane da yawa ya musu kaɗan, sai sun kai kashi 35 zuwa 40.

Yaya zan wanke ta in ajiye?

Ulu abu uku ne ke cuɗe shi ya ƙanƙance ya yi tauri: zafi, cuɗawa, da sauya shi daga ruwan zafi zuwa na sanyi farat ɗaya, kuma in ya cuɗe babu dawowa. Ruwa mai ɗan ɗumi ko sanyi, sabulu mai laushi kaɗan, ki jiƙa minti 15 zuwa 20, ki ɗago ta duka da hannu biyu kar nauyin ruwa ya ja ta, ki matse ba murɗawa, ki naɗe ta a tawul ki taka, ki shimfiɗa a inuwa. Hanga kuma haram ɗinta ce, tana fito da ƙahoni a kafaɗa tana ja tsayi, ninkewa ake yi. In lokacin sanyi ya wuce ki wanke kafin ki ajiye, asu ya fi bin wadda ke da gumi.

Wata nawa take ɗauka? Hannuna ma ya fara ciwo.

A gejin ido 20 da layi 28, jikin riga mai ido 200 kaɗai daga ƙugu zuwa hammata mai tsayin santimita 40 ido 22,400 ne, ba'a sa hannu da kafaɗa ba, don haka makonni ne ko watanni, gwargwadon lokacin da kike samu. Ciwon kuma kar ki raina shi. Ki riƙa tsayawa kina miƙe yatsu, ki koma tsinke mai igiya don nauyin rigar ya zauna a cinya ba a wuyan hannu ba, in kuma yatsu sun fara mutuwa ko tsami baya tafiya da hutu to ki ajiye ki ga likita.

Wani nake so in saƙa wa kuma baya kusa, me zan nema a wajensa?

Kar ki tambaye shi saiz, kowane kamfani da nasa. Ki ce ya shimfiɗa rigar da ya fi sawa ya auna miki faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, tsayi daga kafaɗa zuwa ƙasa, tsayin hannu daga hammata, da faɗin dantse, ya turo da hoton tef ɗin akan rigar don ki ga inda ya ɗora shi. Ki tambaya ko ulu yana masa ƙaiƙayi a wuya. Sannan ki tambayi yadda ake wanki a gidansu, in komai injin ake jefawa to ki manta da ulu zalla, ki ɗauki akirilik ko wanda aka gauraya, kuma ki wanke ɗan gwajin a injin ɗin tukuna. In yaro ne ki ƙara tsayin jiki da na hannu ki yi masa doguwar roba da za'a naɗe, kuma ki saƙa daga sama yadda za'a iya kwance ƙasan a ƙara in ya girma, ki ajiye ragowar zaren tare da takardarsa.